Labbo Maɗori da Bam ɗin Japan

Ubana Labbo, maɗorin Aliero, bayan Allah da Manzonsa abu biyu ya yarda da su a duniya: hannunsa, da bam ɗin da Amurka ta jefa wa Japan. Ku yi dariya in kuna so, ni ma na daɗe ina yi. Tsoho ne da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma ka ce masa Hiroshima, sai ya gyara zama kamar ka ambaci garin kakanninsa. Ni ce Tabawa, ɗiyarsa ta biyu, mai suyar kifi a kasuwar Jega. Ni ya kamata in ba da labarinsa, don ba wanda ra'ayin nan nasa ya ci kamar yadda ya ci ni.

Ɗori gadonsu ne. Tun yana ƙarami yake murza man shanu a ƙafar karyayyu, yana fere karan da ake ɗaure karaya da shi. Gemunsa bai gama fitowa ba aka zo neman samari masu ƙarfi don yaƙin Turawa, aka haɗa da shi, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Aka zuba su a jirgin ruwa sai wata ƙasa mai suna Burma, can gaba da Indiya, inda ake gwabzawa da Japanawa cikin kurmi. Da manyansu suka ga ya san ƙashi, sai suka karɓe bindigar suka ba shi gadon ɗaukar masu rauni. Aikinsa shi ne in ruwan harsashi ya tsagaita ya shiga ya kwaso abin da ya rage.

Bai ɓoye mana komai ba, ko muna cin tuwo. Ya ɗauki mutum yana tallafe da hanjinsa da hannu biyu, yana roƙon kada a bari ya taɓa ƙasa. Ya tsinci ƙafa da takalminta, ya yi ta neman mai ita bai samu ba. Akwai wani ɗan Argungu da suke kwana wuri ɗaya, abokan gaba suka kama shi, daga baya aka same shi ɗaure a jikin bishiya, an yi ta caka masa wuƙar bakin bindiga har ba a gane gabansa da bayansa. Innarmu takan ce, Malam, don Allah yara na cin abinci. Shi kuwa sai ya ce su ci su ji, duniya ce.

Daga baya aka mai da su Indiya, aka shiga koya musu yadda ake dira daga jirgi a bakin teku a ruga da gudu cikin wuta. Aka ce wata gaɓa za a kai su inda Japanawa suka haƙa ramuka suna jira. Baba ya ce shi bai san tsoro ba sai ranar da aka sa su lodin kaya, ya ga dilolin farin yadi ana jibgewa cikin jirgin da za su shiga. Ya san ba riguna za a ɗinka musu ba. Ana cikin haka wata rana sansani ya kaure da ihu, wai an jefa wani bam guda ɗaya ya share birni sukutum, an ƙara wani ya share na biyu, Japan ta miƙa wuya. Aka fasa tafiyar, aka dawo da su gida. Ya yi aure, ya gaji zauren ubansa, sunansa ya kai har Yawuri da Kamba, ana kawo masa karyayyu a bayan akori-kura. Kuma tun daga ranar ba wanda ya isa ya zagi bam ɗin nan a gabansa.

Sai mutum ɗaya. Baba Alu barunje ne, wato mahauci, a kasuwar Jega. Tare aka kwashe su, tare suka yi lodin yadin nan, tare suka dawo, amma shi ya dawo da akasin ra'ayin Baba, kuma ya riƙe shi gam har tsufa. Duk ranar kasuwa Baba zai hau mota daga Aliero ya zo ya zauna a bakin teburin naman abokinsa, ba don ya sayi ko tsoka ɗaya ba, don dai su yi faɗa. Baba Alu yana sara yana magana, gatari na sauka kan ƙashi daidai inda yake son ya danna zance. Cewa yake shi cikin jini ya tashi, cikin jini yake ci, amma bai taɓa sa wuƙa a wuyan akuya yana sane tana da ciki ba. To yaya za a ƙone gari da masu ciki da masu goyo da tsofaffin da ko tashi ba sa iyawa, a ce an yi daidai? Soja shi ya ɗauki bindiga, in ji shi, shi ya kamata ya mutu, ko da su biyun ne. Azaba da wuta kuma ta Allah ce, ba ta bawa ba.

Baba kuwa da sana'arsa yake ba da amsa, kuma na san abin da yake nufi, don ni nake danne masa mutane. Ina da ƙarfi tun ina budurwa, mazan gidanmu ba su kai ni ba. In aka kawo wanda ƙashinsa ya riga ya kama a karkace, ba abin yi sai a sake karya shi. Baba zai yi ta shafa wurin yana jan mutum da hira, yana tambayarsa albasar bana, ni kuma na hau kan ƙirjinsa, wani ya riƙe ƙugu. Sai ka ji ƙas! Ihu ɗaya, wani har fitsari yake saki, shi ke nan an wuce wurin. Baba ya ce maɗori mai tausayi shi ne mugu: yana ja kaɗan yana saki, yana lallashi, mutum ya wuni cikin azaba, ƙafa kuma ta tafi a gurgunce. Yaƙi ma haka yake, in ji shi. Da ba a yi masa karaya ɗaya mai ƙarfi ba, da har yau ana kwasar hanji.

"Ƙahwar da kake karyawa ta mai ciwon ce, Labbo," in ji Baba Alu. "Ba ka taɓa karya ta ɗiyan maƙwabta don shi warke ba."

"Kai dai Allah shi sa ka gode," in ji Baba. "Bam ɗin da kake zagi shi ya bar ma bakin zaginai."

Haka za su yi ta yi har la'asar, sannan su raba goro kowa ya kama gabansa. Mu duk mun ɗauka wasan tsofaffi ne.

Yanzu bari in kai ku tafki. Tsakanin Jega da Maiyama akwai wani tafki cikin fadama, da tunga biyu, wato ƙananan ƙauyuka, ɗaya gabas da shi ɗaya yamma. Ba zan faɗi sunayensu ba, masu rai suna nan. A tungar yamma aka kai ni aure, gidan Hamidu masunci, a can na haifi ɗiyata Rahma. Ƙanena Ɗalha kuma ya samu fadama a tungar gabas, ya koma can yana noman albasa, ya auri ɗiyarsu ya zama nasu. Wato Baba yana da jini a kowace gaɓa.

Al'adar tafkin ita ce in ruwa ya fara ja, sarkin ruwa ya ɗaure shi, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, ranar da kowa zai faɗa da homarsa a kama kifi gaba ɗaya. Da can sarkin ruwa ɗaya ne, ana yi lafiya a tashi lafiya. Da aka yi sabuwar jihar Kebbi aka shiga ja-in-ja kan iyaka, sai 'yan gabas suka ce tafki na ƙasar Jega ne, 'yan yamma suka ce na Maiyama ne, kowa ya naɗa nasa sarkin ruwa. Ka ji tsiya. Tun daga nan ranar su ta koma ranar yaƙi, a shiga ruwa da homa a hannun hagu, sandar gora a hannun dama.

Kuma duk wanda aka farfasa, zauren Baba ake kawo shi. Da farko hannaye ne da haƙarƙari, daga baya aka fara rotse kai. Wanda ya fi muni na gan shi da idona, ina tsaye a gaɓa da Rahma a hannu. Ruwa ya kai ƙugu, mutum ba ya iya gudu a cikinsa, sai dai ya tsaya ya daka ko a dake shi. Na ga an danna kan wani dattijo cikin taɓo an taka wuyansa. Na ga Jibrilla, wan matar Ɗalha, an soke shi da mashin kifi a ƙarƙashin haƙarƙari, mashin nan mai ƙayoyi da ba ya fitowa ta inda ya shiga. Ya yi ta tafiya da shi a jiki yana neman gaɓa har ya kife. Mijina Hamidu kuma aka yi ta sauke masa gora a kafaɗa da damtse, hannun ya koma yana lilo kamar ba nasa ba, kuma waɗanda suka gani sun ce Ɗalha na cikin waɗanda suka rufe shi. Ruwan ya yi ja har magariba, kifi kuwa ba wanda ya bi ta kansa.

A zaure ɗaya Baba ya kwantar da su, surukinsa a wannan bango, ɗansa da fasasshen goshi a wancan, suna hararar juna ta kan kafaɗarsa. Ni na danne mijina da kaina aka ja hannun. Da aka gama Baba ya shiga tsakar gida ya zauna. Ya ce mini baɗi ɗayansu zai kashe ɗaya, ko in rasa miji ko in rasa ƙane, shi kuma ba ya ɗora gawa. Ya hau mota ya je wurin masu garin tungayen biyu, ya je Jega, ya je Maiyama, ya roƙi duk wanda ke kan kujera. Kowa ya ba shi ruwa ya sha, ya ce za a duba. Ba abin da aka duba.

Da damina ta faɗi, rediyo ya kama zancen cika shekara hamsin da jefa bam ɗin. Kullum sai an kawo masana suna musu, wannan ya ce ya ceci rayuka, wancan ya ce ta'asa ce. Kai, Baba ya samu abin da yake so! Ya saɓi rediyonsa ya tafi Jega, ya dire shi kan teburin Baba Alu cikin ƙudaje. Rannan mutane suka taru fiye da kullum, har 'yan kabu-kabu suka kashe babura suna saurare. Na shigo cefane, Ɗalha ma ya zo sayen taki, muna tsaye nesa da juna, don tun ranar su ba mu gaisa ba. Rediyo ya ba da labarin mata da fatar bayansu ta saɓule ta rataya, da yara da suka yi ta faɗawa kogi don ƙuna da ƙishirwa suna mutuwa a ciki, da waɗanda suka tsira rannan amma ciwo ya bi su ya kashe bayan shekaru.

Baba Alu ya ajiye gatari, ya ce to Labbo ka ji abin da ya cece ka. Ya ce me ya hana a jefa shi cikin teku ko a daji, su gani da idonsu su tsorata? In kuma na farko dole ne, na biyun na mene ne, tun ba a gama kwasar gawar na farko ba? Baba ya ce mutanen da suka yi wa ɗan Argungu abin da suka yi ba kallo ke tsorata su ba. Baba Alu ya ce ai ba su aka ƙone ba, matansu da ɗiyansu aka ƙone.

Nan Baba ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. Ban taɓa ganin ya yi zafi haka ba, kuma na san ba Japan ce a ransa ba, tafki ne. Ya ce ya ji duka, kuma ko gobe aka tambaye shi zai ce a jefa. Ya ce masu tausayi su ne suke barin faɗa ya yi ta cin mutane ɗaya-ɗaya shekara bayan shekara, don kada hannunsu ya ɓaci. Sannan ya faɗi maganar da har in mutu ba zan manta ba.

"Hwaɗan da ya ƙi ƙarewa, a nemi tushenai a ƙone shi ƙurmus, kowa shi huta. Wanda duk ya iya haka, ko duniya ta zage shi, ni Labbo ina sa mai albarka."

Mutane suka ɗauki sowa, wasu suna cewa tsoho ya gama magana. Na waiga na ga Ɗalha ya zuba wa Baba ido, baki a sake. Tun yana ƙarami haka yake, ba ya gardama, ba ya tambaya, abin da Baba ya faɗa shi ne karatu. Wallahi da na san abin da ke shiga kansa a lokacin, da na rotsa rediyon nan a kan teburin.

Rani ya zo, ruwa ya ja, sarakunan ruwa biyu suka ɗaure tafki, kuma don neman fitina suka sa ranar su ɗaya. A tungarmu maƙera ba su huta ba. Hamidu da hannunsa da bai gama miƙewa ba ya sayo adda yana wasa ta a bakin ƙofa, na yi magana ya ce in rufe masa baki, ai ƙanena nake ji wa. Aka ce 'yan gabas sun aro bindigogin mafarauta, dangin Jibrilla kuma sun rantse sai sun ɗauki rai.

Ana saura kwana kaɗan, wata safiya muka ji mata suna guɗa a bakin tafki. Kifi ne ya taso. Iska ta kaɗo shi gaɓarmu, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, wasu sun juya ciki sama, wasu suna ta buɗe baki a gefen ruwa. Daga baya muka san abin da ya faru. Ɗalha ne ya kwashi galan-galan na maganin ƙwarin albasarsa, mai ƙarfin nan da sai an sirka da ruwa mai yawa kafin a fesa, ya tuttule shi tsagwaronsa cikin tafki kafin gari ya waye. A tunaninsa tafki a ɗaure yake, ba wanda zai taɓa shi, kifi zai mutu ya ruɓe, ranar su ta zo ba abin da za a yi faɗa a kai. Ga abin da bai sani ba, shi da ya tashi a Aliero cikin albasa: ɗaurin sarkin ruwa bai hau kan kifin da ya kawo kansa gaɓa ba. In zafi ya yi yawa ruwa ya ragu, kifi yakan bugu ya taso, kuma wannan rabon mata da yara ne tun kaka da kakanni, ba mai hana su.

Muka ruga da ƙwarya da kwando ana ture juna, kowa na cewa a yi sauri kafin matan gabas su ji labari. Akwai ɗan wari a ruwan, wata tsohuwa ta ce warin taɓo ne. Rahma, da ba ta wuce shekara shida ba, ta shiga har wuya tana kama tarwaɗa da hannu tana dariya, tana kurɓar ruwa tana fesarwa. Ita ta kawo mafi girma a gidanmu, ta rungumo shi a ƙirji, ta ce nata ne ita kaɗai. Aka soya, ta ci ta ƙoshi.

Kafin azahar tunga ta rikice. Awaki suka fara faɗuwa a hanyar ruwa suna shure-shure. Shanun wasu makiyaya da suka sha da safe suka zube, kumfa na fita ta hanci. Manya suna amai suna dafa bango, ni ma kaina na juyawa. Sai Rahma ta ce mini, Inna idona, ta faɗi. Jikinta ya sandare ya lanƙwashe baya, haƙoranta suka datse harshenta, jini da kumfa suka cika mata baki. In ya sake ta, kafin in numfasa ya sake kamawa. Na sa yatsa don in raba haƙoran, ta kusa cire mini shi, ga tabon nan har yau. Na saɓe ta na yi titi da gudu ko ɗankwali babu, na tare ɗan kabu-kabu. Ya ce asibitin Jega? Na ce Aliero. Ni a duniyata ba abin da ke lalacewa a jikin mutum wanda Baba ba zai gyara ba.

Na faɗa zaure na tarar da Ɗalha durƙushe gaban Baba, ya riga ni zuwa, fuskarsa har wani haske take yi. Ashe albishir ya kawo. Yana cikin faɗa masa cewa ya ƙone tushen faɗa, bana ba wanda zai mutu a tafki, ba Hamidu ba, ba shi ba. Baba yana kallonsa bai gama fahimta ba, sai ga ni da yarinya a kafaɗa.

Na shimfiɗa ta a tabarmar da ake ɗori. Baba ya durƙusa ya fara laluben ta yadda ya saba, daga wuya zuwa kafaɗa, haƙarƙari ɗaya-ɗaya, ƙugu, gwiwa, har yatsun ƙafa. Ya sake farawa daga sama. Tana fizga a ƙarƙashin hannunsa yana ta nema, yana cewa ina ne, ina ne, nuna min wurin. Ba abin da ya karye. Ƙashinta lafiya lau, ko targaɗe babu. Yana kan nema ta yi wata doguwar miƙa ta saki, kuma ba ta sake motsi ba.

Ɗalha ya ce, "Baba, tafkin a ɗaure yake. Wallahi a ɗaure yake. Kai kac ce…"

Bai ƙarasa ba. Tsohon da ya haura saba'in ya cafki hannun daman Ɗalha, ya murɗa shi ya aza a gwiwa. Ya san inda ƙashi ya fi rauni, ai aikinsa ne. Sau biyu na ji ƙarar, a ta biyun tsinin ƙashi ya huda fata ya fito fari. Ɗalha ya kurma ihu ya faɗi yana birgima, Baba ya bi shi zai kama na hagu, sai da maƙwabta suka shigo suka ɗauke shi cak. Ni ko motsi ban yi ba. Da ni aka bar wa shi, da ba hannu zan karya ba.

Yara uku aka binne daga tungar yamma, da tsohuwar nan da ta ce warin taɓo ne. Hamidu ya zo Aliero da addarsa da mutanensa, suka tarar 'yan sanda sun riga sun tafi da Ɗalha, sai suka wuce tungar gabas suka banka wa ɗakinsa da rudun da yake ajiyar albasa wuta. 'Yan gabas suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ɗaga sanda. Ba maɗorin da ya yarda ya taɓa karayar da Labbo ya yi, hannun ya kama a murɗe, haka Ɗalha ya shiga gidan yari da shi, haka ya fito. Ni kuma dangin Hamidu suka ce ba za su iya kallon yayar Ɗalha tana tuƙa musu tuwo ba. Ban ga laifinsu ba. Na kwaso kayana na dawo gidan Baba.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma sai na faɗe shi don gaskiya ce. Faɗan ya ƙare. Ranar su ta zo ta wuce ba wanda ya je. Tafki ya yi ta wari har damina. Gabas kunya ta rufe su, yamma makoki ya rufe su, addunan da aka wasa suka koma saran itace. Da ruwa ya sabunta kifi ya dawo bayan shekaru, tsofaffi suka zauna suka mai da sarkin ruwa ɗaya, kuma har yau ba a sake fasa kan kowa a kan tafkin nan ba.

Baba ya daina ɗori. In aka kawo karyayye sai ya tura shi gidan ƙanensa. Ya daina zuwa Jega. Ya zauna a tsakar gida, mu biyu a gida ɗaya, don Innarmu ta daɗe da rasuwa, ba mai ce wa wani komai sai gaisuwa. Ina dafa masa abinci ina ajiye masa, amma ban iya kallon bakinsa ba.

Da Baba Alu ya ga shirun ya yi yawa, ya rufe teburinsa ranar kasuwa sukutum ya hau mota ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma na koma bakin murhu, ina jin su. Na ɗauka zai ce ai na faɗa maka, kuma wallahi ina so ya faɗa, ina so wani ya faɗa. Amma da ya ga yadda abokinsa ya zube, tausayi ya kama shi, sai ya shiga lallashi da abin da bai taɓa yarda da shi ba. Ya ce Labbo ka yi haƙuri, ka duba da kyau. Da an yi ranar su ɗin nan da bindigogi da adduna, da gawa ta fi ashirin, kuma da Hamidu da Ɗalha suna ciki. Ya ce wataƙila huɗun nan sun fanshi mutane da yawa, wataƙila kai ke da gaskiya tun farko.

Baba ya ɗago kai, ya nuna ni da haɓa.

"Ga ta can, Alu. Tashi ka hwaɗa mata. Ka hwaɗa mata yadda ka hwaɗa min, kada ka rage komi."

Baba Alu ya juyo ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara hamsin bakinsa bai mutu ba, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Can ya tashi ya nemi takalmansa, ya fita ko sallama bai iya yi ba.

Muka rage mu biyu. Wuta na ci a murhu, na ƙi juyowa. Na ji Baba ya taso da ƙyar, ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Tabawa," ya ce, "da ba su jehwa shi ba. Da sun bar mu mun sauka bakin tekun nan, na mutu can ina saurayi."

Na san abin da yake jira. Jira yake in ce a'a Baba, daina faɗin haka, ƙaddara ce. Na kuma san in ya mutu can, babu ni, babu Ɗalha, babu Rahma da za ta zo duniya ta bar ta tana tauna harshenta. Na duba duka, ban ga abin da zan yi kewa ba.

Na ce, "Da sun bar ku, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya dafa ƙasa ya tashi. Ya ƙara shekaru a duniya bayan haka. Ni na yi jinyarsa, ni na rufe masa ido, kuma ban taɓa janye maganar ba, shi ma bai taɓa neman in janye ba.